Garmaho a Gonar Tsoho

Tsoho bai wulaƙanta Kalla ba, kuma da ya yi, da abin ya fi sauƙin haɗiya. Tabarma ya sa aka shimfiɗa masa a ƙofar gida, aka kawo fura, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ya saurari abin da ke tafe da shi. Kalla na nema wa ɗansa Tanimu auren Lantana, autar Tsoho. Duk Gidan Maje, can bayan Azarori, an san yaran na son juna, har matan bakin rijiya sun gaji da tsokanarsu.

"Kalla," in ji Tsoho, "ni ba ruwana da abin da kaka bauta ma. Ubanka dutsi ya yi ma yanka har yam mutu, kai ka bi Nasara, wasu sun bi malamai sun kama salla. Kowa da nashi. Abu guda nika son gani. Ba ni ba da ɗiyata ga yaron da, ran da ɗakinai yak kama wuta, ba mai ɗauko tulu. Shi kira gayya, shi nome min gonata ta bakin hwadama cikin wuni guda. In rana ta hwaɗi ba ciyawa, matatai ta. In da saura, kak ka dawo."

Ba sabon abu Tsoho ya ƙirƙiro ba. Haka ake yi a ƙauyukan Adar tun kaka da kakanni: saurayi ya tara sa'o'insa su nome gonar wanda zai zama surukinsa, a ga ko yana da mutane. Ka je wa mutum tasa, ya zo maka taka. Matsalar ita ce Tanimu, ƙato mai gemu a haɓa, bai taɓa taka gayyar kowa ba, kuma ubansa ne ya hana shi.

A shekarar fara, lokacin da yunwa ta ɗauke uwar Tanimu, Kalla ya ja ƙafa har Madawa da wani gyambo mai warin da ko 'yan'uwansa ba sa iya zama kusa da shi. Wani Bature ɗan mishan, wanda mutane suka laƙaba wa Malam Dogo, ya durƙusa ya wanke gyambon nan da hannunsa bai ko kau da hanci ba. A faɗi gaskiya, ya yi wannan, kuma ya yi ta yi har ƙafa ta warke. A bakinsa Kalla ya ji labarin Yesu Almasihu, labarin ya shige shi, ya ba da gaskiya. Daga nan dokoki suka biyo baya. Ba yanka a gindin dutse, ba giya, ba rawa, ba ganga. Gayya kuwa, tunda ba a yin ta sai da makaɗi, kuma wasu kan zuba wa ƙasa ɗan jini kafin a kafa hauya, ita ma ta haramta. Yayyen Kalla suka raba gandu suka ba shi gefen tsakuwa. Da ya kai kukansa Madawa, Malam Dogo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Mu ne danginka yanzu." Kalla ya adana maganar nan shekara da shekaru kamar irin shuka.

Ya yi ɗan ɗakin sujada na kara a bayan gidansa, ya rataya guntun ƙarfen mota a jikin aduwa, kowace Lahadi yana bugawa. Masu amsa kiran su ne wasu tsofaffin mata biyu da wani makaho mai son inuwa. Malam Dogo kan zo bisa doki jifa-jifa, ya sunkuya ya leƙa ciki, ya yi tambayarsa da ba ta canzawa: "Ina samari?" Samari kuwa da damina suna gona, da rani suna Kano, ban da waɗanda kumandan, Baturen mulki, ya kwashe zuwa aikin hanya ko yaƙin Turawa. Masu neman sabon addini kuma wajen malaman salla suke zuwa, inda aƙalla akwai mai ba su 'ya.

Kalla ya haɗiye girmansa ya je wajen Bala, sarkin samari, yaron da aka haifa a gaban idonsa. Ya tarar da shi yana sa wa hauya sabuwar ƙota.

"Baba Kalla, wane Tanimu?" in ji Bala, bai ko daina aikinsa ba. "Wanda ka wuce mu da kai sunkuye awa mun ci mashi wani abu? Shekarun ga duka ko saran hauya guda bai yi ma kowa ba."

"Ni na hana shi. Laihina na, ba nashi ba."

Bala ya ajiye hauyar. "To, za mu zo, don hurhurarka. Amma ka ji sharaɗi. Duk wanda yaz zo mashi, ran da yak kira tashi gayya, Tanimu shi tahi. Ko Lahadi ta, ko Nasaranku na kuka."

Kalla ya amsa da bakinsa a madadin ɗansa. Samari suka ce za su zo, har da Halidu, wanda kowa ya san idonsa na kan Lantana, don ba a ƙin gayya saboda kishi. Aka gaya wa Muntari makaɗi ya ɗaure gangarsa.

Saura dangi. Kalla ya tafi Madawa da ƙafa, yana sane da ya karya doka. Amma ya san kuma a gidan mishan akwai majiya ƙarfi, masu gini da masu lambu da manyan ɗalibai, kuma hannu ko guda ne ba a raina shi ranar gayya. Ya zauna a ƙasa ya zayyana komai, da Tsoho da gona da faɗuwar rana, yana jiran faɗa. Sai ya ga Malam Dogo ya cire tabarau.

"Samari nawa za su zo?" ya tambaya da Hausarsa ta Kano, irin ta cikin littafi.

"Duka na Gidan Maje, Malam, da na ƙauyukan kusa."

"A wuri ɗaya? Rana ɗaya?" Idanun Malam suka yi haske. "Za mu zo, Kalla. Lalle za mu zo. Amma ban da ganga. Zan kawo abin da ya fi ganga."

Kalla ya komo gida yana jin kamar an sauke masa dami daga ka. Ya gaya wa Tanimu dangi na zuwa.

"Baba, da hauyoyi za su zo?"

"To da mi aka zuwa gayya?"

Ya kai wa Muntari goro ya ba shi haƙuri. Muntari ya karɓi goron ya juya shi a hannu, ya ce shi dai tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin an yi gayya ba kiɗa ba, amma Allah ya ba da sa'a.

Ranar ta zo da sanyin ruwan da aka yi shekaranjiya, ƙasa ta yi laushi, irin yadda manomi ke so. Kalla ya yanka awakinsa duka, ya share ƙasan rumbu a tsakiyar damina, lokacin da mai hankali ke auna hatsi da tafin hannu. Samari suka jeru a bakin gona tun sassafe suka duƙa. Ba kiɗa, don haka ba wannan zafin da ke sa ƙato ya manta da bayansa, amma ana tafiya. Tanimu ne a gaba, yana sara kamar ciyawar ce ta kashe masa uwa. Kafin hantsi ya dubi ludayi sun ci wani yanki mai kyau, har Kalla ya fara cewa a ransa in mutanen Madawa suka iso, kafin la'asar an gama.

Suka iso. Malam Dogo bisa doki, bayansa kukunsa na jan jaki, bisa jakin wani akwati da naɗaɗɗun takardu. Kalla ya leƙa bayan jakin ko sauran na tafe. Hanya ce kawai.

A tsakiyar gonar akwai wata tsamiya. Nan Malam ya sa aka sauke akwatin, ya buɗe, ya ɗora baƙin faifai, ya juya wani hannu. Sai ga murya ta fito, muryar mutum sak, tana waƙa da Hausa, ba kuwa mutum a ciki. Garmaho ke nan, abin da a Gidan Maje ko labarinsa ba a taɓa ji ba.

Kada a ga laifin samarin nan. Wa zai ji akwati na waƙa ya ci gaba da kallon ciyawa? Na kusa suka fara ɗagowa, sannan na tsakiya, sannan aka ji hauyoyi na faɗuwa. Labari ya kai gari. Mata suka bar turmi, yara suka bar awaki, kowa ya keto ta cikin gonar Tsoho a guje, ta kan hatsin da bai wuce gwiwa ba. Wasu na leƙa ƙarƙashin akwatin suna neman inda mutumin ya ɓuya.

Kalla ya kutsa ya isa kunnen Malam. "Malam, rana na tahiya."

"Ɗan lokaci kaɗan, Kalla. Dubi fuskokinsu."

Faifai ya ƙare, aka ce a sake, ya sake. Ya juya bayansa, aka ce a sake wannan ma. Sannan ya warware takardun hotuna ya rataya a reshen tsamiya, ya fara wa'azi a kan wani manomi da ya fita shuka, wani iri ya faɗa kan hanya aka tattake, wani ya faɗa cikin ƙaya ta shaƙe shi. Yana faɗa da dukan zuciyarsa, takalminsa a kan hatsin Tsoho, ciyawar Tsoho kuma na tsaye daga gabas har yamma tana saurare tare da kowa.

Rana ta take tsaka, aka kawo abinci. Lantana da ƙawayenta suka sauke kwaryar fura da akusan tuwo, ba a bakin aiki ba, a gindin tsamiya, tunda can mutane suke. Aka cinye awakin Kalla ana kallon hotuna. Da ciki ya cika, inuwa ta yi daɗi, Bala ya tashi ya yi ta kira har muryarsa ta dushe. Amma ba da baki ake tayar da ƙoshasshen ƙato ba. Aikin ganga ne wannan, ita ce ke kiran sunan mutum da na ubansa a gaban 'yan mata har kunya ta miƙar da shi, ganga kuwa na rataye a ɗakin Muntari.

Mutum ɗaya ne bai taɓa ɗagowa ba tun safe, shi ne Tanimu. Kalla ya ɗauki hauyar wani ya duƙa kusa da shi. Can sai Halidu ya zo ya duƙa shi ma, ya yi noma tsakani da Allah, don kada gobe a ce da gangan ya ƙi. Wasu ƙalilan suka biyo da la'asar, jiki a mace. Dab da faɗuwar rana hauyar Tanimu ta sami dutse, ruwanta ya tsage gida biyu. Ya jefar da ita ya ci gaba da cirar ciyawa da hannu.

Tsoho ya zo da sandarsa. Ya zaga gonar a hankali, ta inda aka nome da ta inda ba a taɓa ba, wanda ya fi rabi. Ya tsaya a gindin tsamiya ya daɗe yana duban hatsin da ya kwanta cikin sawun ƙafa.

"Na ga mutane, Kalla, ba kaɗan ba," ya ce. "Sai dai ba na ɗanka na ba. Na akwati na."

Ya juya ya tafi. Lantana ta ɗauki kwaryarta ta bi bayansa, tana share fuska da gefen zane.

Malam Dogo na ɗaure akwati a kan jaki, fuskarsa sai walƙiya take. "Kalla, tun da na zo ƙasar nan ban taɓa ganin rana irin ta yau ba. Dukansu sun ji. Dukansu."

Shekara da shekaru Kalla bai taɓa ɗaga murya a gaban mutumin nan ba, yanzu ma bai ɗaga ba.

"Sun ji, Malam. Sun ji, sun ci awakina, sun tahi. Na zo gare ka na zamna ƙasa na hwaɗa maka komi. Na ce gona, na ce hwaɗuwar rana, na ce auren ɗana. Cikin maganag ga duka kalma guda ka ji, samari. Ka hana ni dangina ka ce kai ad dangina. Ka hana yaron ga sa'o'inai tun shina ƙarami. Yau rana guda na roƙe ka hannu, ka zo min da jaki."

Murmushin Malam ya gushe. Ya dubi gonar, kuma kamar sai lokacin ya ga ciyawa a cikinta. "Ban gane abin ya kai haka ba," ya ce a hankali. "Na yi baƙin ciki ƙwarai. Amma ka yi tunani, wataƙila Ubangiji ne ya tsare Timoti daga auren marar bi. Akwai 'yan mata masu bi a makarantarmu ta kudu. Zan yi magana."

Timoti shi ne sunan da ya ba Tanimu ranar baftisma, kuma shi kaɗai ke kiransa da shi.

"Mi sunanta?" in ji Kalla.

"Wa?"

"Yarinyar da ɗana ka so. Wadda ta aje maka hura gabanka, ka sha."

Malam ya koma kan igiyar jakinsa. Kalla ya tofar da yawu a gefe, abin da bai taɓa yi a gaban babba ba, ya je ya tsinci guntayen hauyar ɗansa.

Da lokacin maimai ya yi, wato noma na biyu, iyayen Halidu suka je wajen Tsoho, shi kuma ya ba su sharaɗin da ya ba Kalla, a wannan gonar dai. Bala da kansa ya zo ƙofar gida, yana sosa ƙeya.

"Baba Kalla, gayyar Halidu Lahadi ta. Ya zo ma Tanimu, kuma ya yi noma, kowa ya gani. Ka san abin da munka yi da kai."

Bayan ya tafi, Kalla ya ce wa ɗansa shi zai je a madadinsa, ba wanda zai ce wani abu.

"Ka yi magana da bakina sau guda, Baba, ya isa," in ji Tanimu. "Ni za ni. In ban tahi ba, har in mutu ba ni da kowa. Hauya kawai ba ni da."

Baƙin ciki da fushi suka hana Kalla cin abinci ranar. Washegari ya kwance guntun ƙarfen nan daga jikin aduwa ya kai wa maƙeri.

Ranar Lahadi Malam Dogo ya iso da wuri, da jakinsa da akwatinsa da sababbin faifai, yana sa ran ɗakin kara ba zai ɗauki jama'a ba. Ya tarar da makaho kaɗai a inuwa, tsofaffin matan ma sun tafi taya dakan fura. Igiya na lilo a jikin aduwa. Daga wajen fadama ana jin gangar Muntari tana tashi.

Sai ga Kalla ya fito daga gida. "Kalla, ina ƙarfen? Ina samari?" in ji Malam.

"Kana jin su. Ƙarhen ma shina can, hannun ɗana." Kalla ya saɓa hauyarsa. "Ni da Yesu ba mu yi hwaɗa ba, Malam. Kai ma ka wanke min ƙahwa, ban mance ba, ba ni kuma mancewa. Amma ɗakin ga na gama buga mashi ƙarhe. In samari kaka so, ka san gonar. Ka bar jakin nan."

Bai tsaya ya ga ko zai biyo shi ba.

Gonar Tsoho ta cika. Muntari na bin bayan samari yana kiran kowa da sunan ubansa da kakansa, ciyawa na kwanciya, 'yan mata na guɗa daga bakin gona. Da ya zo kan Tanimu sai ya kira shi jikan Maje mai rumbu tara, kirarin da rabon a ji shi a garin tun kafin shekarar fara. Tanimu bai ɗago ba. Sabuwar hauyarsa na shiga ƙasa tana fita, kuma ko makaho ya san yau kafin la'asar za a gama.

Kalla ya sami gurbi a ƙarshen layi, cikin yaran da ya isa ya haifa, ya duƙa. Da rana ta take tsaka aka kawo fura har bakin aiki, Lantana ce ke bin layi da kwarya, kamar yadda aka saba, tana ba duk wanda ya zo taya mijin da za ta aura. Ta ba Bala, ta ba Halidu, ta yi ta zuwa har ta iso gaban Tanimu. Kalla na kallo ɗansa ya karɓi ludayin, ya sha, ya ce mata sannu da aiki, ya mayar, ya koma kan ciyawa.